Herlinda Mai Ɗinki a Tsaye

Duk wanda ya taɓa wucewa ta layinmu a El Vallado, nan gabashin Cali, ya ga Doña Herlinda Caicedo ta taga tana ɗinki a tsaye. Kekenta na kan tebur, teburin na kan bulo huɗu, ita kuma tana gabansa tun bakwai na safe har rana ta yi sanyi, ƙafa ɗaya a kan mataki, baki cike da fil. In ka ce ta zauna ta huta, sai ta ce ciwon baya ne ya hana ta. Shekara goma sha tara tana faɗin haka, mu kuma muna ta kai mata man zafi kamar wawaye. Gaskiyar ba ta fito ba sai a makon da aka shirya kai 'yar baftismarta, Dayerli, a zuƙe mata kitsen ciki don ta shiga rigar biki.

Herlinda 'yar Guapi ce, can bakin teku, inda in yarinya ta yi jiki sai a yaba wa uwarta. Tana da shekara sha bakwai ta hau jirgin ruwan kaya zuwa Buenaventura, daga nan ta shiga mota, ta sauka a Cali da jaka ɗaya da adireshin gidan da za ta yi aikatau. Ranar farko matar gidan ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta juya ta ce wa ƙanwarta, "Wannan ai tukunyar gas ce. Ba ƙugu, ba baya. Ina zan samo mata rigar aiki?" Suka bushe da dariya. Herlinda ma ta yi, don ba ta san abin da za ta yi da fuskarta ba. Rigar da aka ba ta ta matse ta a hammata, sai ta farke ta da reza ta ƙara mata ƙyalle. A kan wannan rigar ta koyi ɗinki, kuma tun ranar take jin kunyar jikin da ta zo da shi.

Ta auri Aristides, direban bas, mutum mai yawan dariya da idon da ba ya zama wuri ɗaya. Allah bai ba su haihuwa ba. Tana da talatin da shida ya fara dawowa gida da ƙamshin turaren da ba nata ba. Wata mai gyaran farce ta raɗa mata cewa akwai wata mata a bayan wani shagon gyaran gashi, allura biyu kacal, mutum ya tashi da mazaunai irin na matan talabijin. Ta je. Aka kwantar da ita rub da ciki a kan gadon tausa, aka ɗura mata wani mai mai kauri daga kwalbar da ko takarda babu a jikinta, aka liƙe hujin da gam. Ta yi wata shida tana juyi a layi, mu ma mun yaba, ba zan ɓoye ba. Aristides kuwa ya tafi abinsa, ko waiwaye bai yi ba.

Bayan shekara uku man ya daskare. Ya zama dunƙule-dunƙule a ƙarƙashin fata, ya gangara cinya, ya kawo zazzaɓi da ruwa. Ta ce mana za ta Guapi jinyar uwarta, ashe asibiti ta kwanta wata biyu, aka yanke abin da zai yanku, aka bar mata sauran. Da ta dawo ba ta iya zaman minti biyar. Ta ɗora tebur a kan bulo, ta ɗinka wa kanta dogayen siket masu faɗi, ta riƙa ɗaura rigar sanyi a ƙugu ko da ana zafin da karnuka ke zaro harshe. Madubin shagon ma ta karkata shi yadda mai gwaji kaɗai zai ɗauka.

Sana'arta rigar bikin sha biyar ce, kuma a duk gabashin garin nan ba mai hannunta. Yarinya in ta cika sha biyar dole a yi mata biki, ko da firij za a sayar, a sa mata doguwar riga mai baza ta yi rawar farko, kowa na ɗaukar hoto. Kuma kowa ya san yadda ake awon. Uwa ta kawo 'yarta wata uku kafin ranar, a auna ta, sannan ta ja tela gefe ta ɗaga yatsu: biyu, uku, wata marar tsoron Allah har huɗu. Wato a rage ƙugun rigar da haka, yarinya ta rame ta tarar da ita. Ba uwar da take ganin mugunta ce. Wai ƙarfafa gwiwa suke yi.

Herlinda ba ta taɓa yi musu gardama ba. Sai ta gyaɗa kai, ta ɗinka yadda aka ce, amma a ciki, tsakanin yadi da shafi, ta naɗe rarar yadi ta ɓoye. Ranar gwajin ƙarshe in zif ya ƙi hawa, sai ta ce a bar mata rigar za ta ƙara duwatsun ado. Ta farke, ta buɗa, ta mayar. Washegari zif ya hau sumul, uwa ta yi ta murna 'yarta ta rame, yarinya ta samu ta yi numfashi. Riguna sun fi ɗari uku ta yi wa haka, ba uwar da ta taɓa ganewa.

Sai a kan rigar da ta fi so a duniya ta yi sake.

Dayerli 'yar Yurani ce, maƙwabciyarta ta gida na uku. Herlinda ce ta riƙe ta a coci ranar baftisma, shi ya sa yarinyar ke kiran ta Madrina, ita da Yurani kuma suke kiran juna comadre. A ƙarƙashin teburin nan ta yi rarrafe, ta sha haɗiye maɓalli ana ƙwaƙulowa. Ta taso mai jiki, mai kumatu, mai dariyar da ake ji daga bakin titi. Yurani kuwa wanduna take sayarwa a wani kanti a tsakiyar gari, inda ba a ɗaukar mace aiki sai an ce ta juya an gani. Sau biyu aka yi mata aiki, ƙirji da ciki, kuma ba ta ɓoyewa, har hotunan take nunawa.

Uban yarinyar ne ya aiko da yadin daga Chile inda yake aikin gini, kore mai sheƙi, irin wanda babu shi a kasuwar Cali. Ranar yanka Yurani ta zo da kanta, ta ɗaga yatsu biyar cif, sannan ta tsaya a kan Herlinda tana kallon alli.

"Comadre, wannan layin na waje na mene ne?"

"Na ɗinki ne."

"Ɗinki har haka? Kumbura mata gefe zai yi. Goge shi. Na san ki da tausayi, tausayinki ne ya sa take cin pandebono, wannan burodin cuku, har uku a shagon nan kullum."

Da Herlinda ta ce mata ta je ta dawo gobe, da shi ke nan. Amma Yurani ta sauke ido kan rigar sanyin nan ta ƙugu, ta ce, "Ke kin riga kin haƙura da kanki, ba laifi. Ita tana da sauran rayuwa a gaba." Maganar ta soki Herlinda a daidai inda matar gidan da ta yi wa aikatau ta taɓa sukar ta. Kunya ta rufe ta, ta goge layin waje da babban yatsa, ta sa almakashi a kan na ciki. Ragowar yadin aka yi furannin kafaɗa da shi, ko faɗin tafin hannu bai saura ba.

Ranar Laraba, saura kwana goma biki, suka zo gwajin ƙarshe. Herlinda ta kwana biyu ba ta ga yarinyar da kyau ba, don an hana ta zaman shagon, da ta gan ta kuwa sai gabanta ya faɗi. Kumatun sun zube, leɓe ya bushe, ido ya yi zuru-zuru. Wata uku ke nan tana kan ruwan ɗumi da lemun tsami da yankan abarba. A ƙarƙashin rigar makaranta tana sanye da faja, wannan rigar roba ta matse ciki, mai ƙugiyoyi layi uku, an maƙala ta a layi na ƙarshe.

Aka zura mata rigar. Kai, ta yi kyau! Koren ya hau baƙar fatarta kamar don ita aka saƙa shi. Herlinda ta kama zif ta ja, ya hau, ya hau, ya zo tsakiyar baya ya tsaya. Ta sa yatsunta a giɓin. Uku.

"Ja da ƙarfi," in ji Yurani.

"Zai yage."

"Matsa in gani." Yurani ta kama gefen biyu, ta tokare gwiwa a bayan 'yarta tana ja. "Ke ma taimaka mana, kin tsaya kamar buhu!"

Dayerli ta ce, "Mama, ina ganin duhu," ta sulale. Herlinda ce ta tare ta kafin kanta ya daki bulo. Suka kwantar da ita a ƙasa, suka zare rigar, Herlinda ta ruga ta damo ruwan mazarƙwaila ta kai mata baki. Yarinyar ta buɗe ido, ta shinshina kofin, ta kau da kai.

"Akwai zaƙi a ciki, Madrina."

Herlinda ta ji kamar ta kurma ihu. Yarinyar da take lashe cokalin madara har ta lanƙwasa shi!

"Bar ta," in ji Yurani, tana yi mata fifita da kwali. "Da ma na san za a yi haka, na riga na shirya. Asabar ƙarfe tara. Za a ɗan zuƙe mata nan da nan, awa biyu an gama. Ta yi mako cikin faja, ranar biki zif ya hau."

"A wane asibiti?"

"Asibiti ba sa taɓa 'yar sha huɗu, kin sani. Gida ne, amma tsaf yake. Matar da ke yin aikin ta yi aiki da likita shekara da shekaru. Ita ta yi wa 'yar mai kantinmu."

Herlinda ta ajiye kofin. Ta san irin gidan. Ta san gadon tausar, da labulen roba, da rediyon da ake ƙure wa murya. Ta fara da abin da take ganin zai shiga kunnen Yurani.

"Comadre, ni na sha ɗinka wa waɗanda aka zuƙe. Kumbura suke yi, wata guda ba su saɓe ba. Ranar biki sai ta fi haka faɗi."

"Matar ta ce da tausa yake sauka."

"In ta zubar da jini fa? Dube ta, tsayuwa ma ta gagare ta. Wa zai ƙara mata jini a ɗakin wata?"

"Kada ki yi wa 'yata mugun baki!" Yurani ta miƙe. "Kina tsammani ba na son ta ne? Ni na san garin nan. Shekara huɗu ina yawo da takarduna, ana ce min a dawo gobe. Ranar da na gyara jikina, a makon aka ɗauke ni. Ban ƙi a zage ni yau ba, in dai ba za a yi mata dariyar da aka yi min ba."

Abin haushin, ba ƙarya ta yi ba. Herlinda ta juya ga yarinyar, wadda ta tashi zaune ta jingina da ƙafar tebur.

"Ke fa, 'yata? Me kika ce?"

"Ni nake so, Madrina." Ba ta ɗago ba. "'Yan ajinmu sun sa hotona a waya, ina cin abinci, sun rubuta wai a ƙara ƙofar zauren biki. Kowa ya gani. Duk za su zo, kuma duk za su ɗauki bayana."

Herlinda ta dubi ƙofa. Abu ɗaya ya rage mata, kuma ta gwammace mutuwa da shi. Shekara goma sha tara ba ɗan Adam ɗin da ya ga jikinta in ba likita ba. Ita kanta da ido a rufe take wanka. Ta je ta sa wa ƙofa sakata, ta ja labulen taga. Ta kwance rigar sanyin, ta saki igiyar siket ya faɗi, ta juya musu baya.

Ba sai na tsawaita ba. Gefen hagu rami ne, hannu zai shige. Gefen dama tudu ne mai tauri, fatar ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi. Tabon ɗinki ya ratsa daga ƙugu zuwa cinya, karkatacce, irin wanda da almajirar ɗinki ce ta yi mata shi da ta sa ta farke. A ƙasa akwai auduga da filasta, don wani wurin har yau yana tsatstsafo da ruwa.

"Ba ciwon baya ba ne," in ji ta, tana kallon bango. "Ni ma gida ne, tsaf yake. Ni ma matar ta yi aiki da likita. Taɓa, Dayerli."

"Madrina..."

"Na ce ki taɓa."

Ta ji yatsu masu sanyi a kan tudun, suka janye da sauri. Ta ji yarinyar ta fara shessheƙa. Ta jira ta ji muryar Yurani, ta daɗe tana jira.

"Allah sarki, comadre," in ji Yurani a hankali. Sai kuma muryar ta koma yadda take. "Amma taki allura ce, kuma ta zamanin da. Ke kika je wurin 'yan arha. Wannan daban ne. Dayerli, sa kayanki."

Herlinda ta ja siket ɗinta ta ɗaura. Kunyar da ta ji ɗazu ta tafi, wani irin fushi ya maye gurbinta. Ta tube tsirara a banza ke nan? Rigar na shimfiɗe a kan tebur, bayanta a sama. Ta ɗauki babban almakashi, ta sa shi a wuyan rigar, yatsa uku daga zif, ta tsarge har ƙugu. Ta koma ɗaya gefen ta yi haka. Ta ɗaga zif ɗin da yadin da ke jikinsa, ta jefar a ƙasa.

"To. Yanzu ko ƙashi kika mayar da ita, rigar nan ba za ta rufu ba. Sai an sa mata sabon baya, kuma a kan jikin da yarinyar take da shi zan yanka shi."

Ihun da Yurani ta yi har gidan burodi an ji. Ta yi kan rigar, Herlinda ta riga ta, ta tura rigar bayan keke ta tare da jikinta, kuma ba mai ture Herlinda. Yurani ta zare sakata, ta fizgi hannun 'yarta, ta fita tsakiyar layi tana kuka tana zagi.

"Ku fito ku ga mahassada! Ta yanka rigar 'yata! Don nata jikin ya ruɓe take so kowa ya zauna kamar ita! Ku tambaye ta abin da ke ƙarƙashin rigar sanyin nan! Daga yau ba ni ba ke, ba ke ba 'yata!"

Muka fito, ba zan ce ban fito ba. Herlinda ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta kalli kowa ba sai yarinyar.

"Asabar ƙarfe tara ina nan, Dayerli. Ki zo a yi awo."

Kafin la'asar labari ya gama layi, kafin Alhamis ya gama unguwa. Uwaye biyu suka zo suka karɓe yadinsu, wai ba za su bar kaya a hannun mai yanka riga ba. Herlinda ta je gidan Yurani sau uku tana ƙwanƙwasa, ana jin talabijin a ciki, ba a buɗe ba. Ta kira uban a Chile, ya ce yana kan bene, kuma wannan maganar mata ce, su daidaita. Ta yi tunanin 'yan sanda, amma ba ta san inda gidan matar yake ba, kuma ta san abin da unguwa ke yi wa mai kiran su. Ba ta iya cin abinci ba. Abin da ke cin ranta shi ne, wataƙila ta ƙara tunzura Yurani ne kawai. Riga ai ana haya. Za a iya zuƙe yarinyar a sa mata wata.

Ranar Juma'a da safe ta ɗauki rigar sanyin za ta ɗaura, sai ta tsaya tana kallon ta. Me kuma za ta ɓoye? Ta jefa ta kan kujerar da ba ta taɓa zama a kai ba, ta fita haka nan. Tana jin idanu a bayanta kamar ƙudaje. A ƙofar gidan burodi Omaira, mai bakin da ba ya rufuwa, ta ce, "Doña Herlinda, ashe abin da ya faru ke nan? Ni fa da ma na ce tafiyar nan taki..."

"Kalla da kyau, Omaira, kyauta ne yau. In kin gama ki gaya wa 'yarki, na ji ita ma tana tambayar inda ake yi."

Omaira ta ja bakinta ta tsuke. Herlinda ta wuce, ta ga ba ta mutu ba. Ta hau bas zuwa tsakiyar gari, a tsaye, ta bi shagunan yadi ɗaya bayan ɗaya da ƙyallen kore a hannu. Babu irinsa, kamar yadda ta sani. A ƙarshe ta sayi leshi ruwan zinariya rabin mita, ba ta ma san ko za a yi amfani da shi ba.

Asabar tun bakwai ta buɗe shago. Ta share, ta shimfiɗa rigar, ta ajiye leshin a gefe, ta rataya tef a wuya. Ba ta kunna keke ba. Ta tsaya a taga.

Takwas da kwata tasi ta shigo layi, ta wuce ta gabanta, ta juya a ƙarshe, ta tsaya a gida na uku. Direba ya danna oda. Yurani ta fito da jaka, da tawul a naɗe a hammata, da sabuwar faja a leda. Ta buɗe ƙofar baya ta tsaya. Ta leƙa cikin gida ta yi kira. Direba ya sake danna oda.

"Kada ki fito," in ji Herlinda a ranta. "Ubangiji, ka sa ta kulle kanta a banɗaki."

Dayerli ta fito. Wando mai faɗi, silifa, gashi a ɗaure, ba ɗan kunne, kamar yadda ake cewa a zo. Ba ta kalli shagon ba. Ta shiga mota, uwar ta bi ta, aka rufe ƙofa.

Motar ta taso a hankali saboda ramuka. Herlinda ta fito bakin ƙofa, ba ta san ta fito ba. Motar ta zo daidai ita, ta ga gefen fuskar yarinyar ta gilashi, kanta a sunkuye. Ta wuce. Ta wuce gidan Omaira, ta wuce gidan burodi. Herlinda ta dafa bango.

A bakin titi akwai tudun rage gudu. Motar ta taka birki za ta hau, sai ƙofar baya ta buɗe. Ƙafa ɗaya ta sauko, silifa ta faɗi, aka bar ta a nan. Dayerli ta taho da silifa ɗaya, ba gudu take ba, don ba ta da ƙarfin gudu, tana dafa motocin da aka ajiye a gefe. Yurani ta fito tana ƙwala mata kira.

"Dayerli! Dawo nan! Matar na jira! In kika shiga shagon nan, kada ki ƙara ce min Mama!"

Yarinyar ta tsaya cak a tsakiyar layi. Duk muna ƙofofinmu, ba mai motsi. Herlinda ta matsa gefe ta bar ƙofar a buɗe. Dayerli ta goge hanci da bayan hannu, ta ƙarasa, ta shige ta gabanta. Direban tasi ya gaji, ya sauke jakar a kan titi ya ja motarsa.

A ciki Herlinda ta ja labule. Ta fara ɓalle ƙugiyoyin fajar ɗaya bayan ɗaya, sun fi ashirin, kowace ta bar shaida a fata, wasu wuraren sun saɓule sun yi ja. Ta zagaya tef a ƙugun yarinyar. Sai ta ga cikin a shafe, haƙarƙari a waje.

"Saki cikinki."

"Na saki."

"Ba ki saki ba. Fitar da numfashi, ki bar shi ya zauna inda yake so."

Dayerli ta fitar da numfashi, cikin bai motsa ba. Ta sake gwadawa. Ta kalli Herlinda a tsorace.

"Madrina, na manta yadda ake yi."

Herlinda ta ji hawaye sun cika mata ido. Ta saki tef ɗin, ta ɗora tafin hannunta a kan cibiyar yarinyar, ta bar shi a nan. Suka tsaya haka. Can sai kuka ya ƙwace wa Dayerli, irin mai fitowa daga ƙasa, kuma da kukan cikin ya sauko ya cika hannun. Herlinda ta mayar da tef, ba ta ja ba, ta duba.

"Saba'in da takwas," ta faɗa da ƙarfi, ta rubuta da alli a kan leshin.

Ta gefen labule ana hango Yurani a bakin titi, zaune a kan jakar, ta haɗa kai da gwiwa. Dayerli ta daɗe tana kallon ta.

"Za ta yafe min?"

Herlinda ta so ta ce i. Ta yi shekaru tana faɗa wa mutane abin da zai kwantar musu da hankali a shagon nan, kuma ta iya.

"Ban sani ba, 'yata," in ji ta. "Ɗaga hannuwanki in auna ƙirji."